Zauren Adabi: Masu Jiran Asuba

Assalamu alaikum, masu karatu. Wasiƙu uku na zaɓa a wannan fitowar. Masu su ba su san juna ba, amma duk a bakin ƙofa ɗaya suka tsaya. Na taƙaita su, na kuma cire sunaye kamar yadda biyu daga cikinsu suka roƙa.

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce a Zariya, ina rubuta littafi ina sakin sa babi-babi a WhatsApp. An yanke wa jarumin labarin hukuncin rataya. Na yi babi uku yana kuka, yana buga kai da bango, yana kiran mahaifiyarsa. Masu karatuna sun ce in wuce wurin haka nan, su ba su ji komai ba. Me ke faruwa a zuciyar wanda ya san za a kashe shi? Yaya manyan marubuta suka yi da wannan?

AMSA: 'Yata, ki gode wa masu karatunki, sun faɗa miki gaskiya tun tafiya ba ta yi nisa ba. Kuka da buga kai da bango suna nan, amma na ranar farko ne, ko na makon farko. Hawaye yana ƙarewa. Abin da ke zama da mutum bayan nan, ya kwana da shi ya tashi da shi, lissafi ne: kwana nawa suka wuce, nawa suka rage, ƙarfe nawa yanzu, takun wane ne wancan da ke tahowa. Duk marubucin da na ga ya iya wannan fage, ta nan ya ɓullo masa.

A 1829 Victor Hugo na Faransa, bai ma cika shekara 30 ba, ya fitar da ɗan ƙaramin littafi mai suna Le Dernier Jour d'un condamné, wato ranar ƙarshe ta wanda aka yanke wa hukuncin kisa. Bai faɗi sunan mutumin ba, bai kuma warware mana laifinsa ba, don kada mu shagala da shari'a mu bar mai shari'ar. Mutumin yana zaune a kurkukun Bicêtre yana ƙirga yawon da takardar ɗaukaka ƙararsa za ta yi: kwana kaza a teburin wannan, kwana kaza a ofishin minista, kwana kaza a babbar kotu. Ya haɗa ya samu mako 6, sai ya waiga ya ga aƙalla 5 sun riga sun tafi. Da dare ya ɗaga fitila yana karanta sunayen da waɗanda suka riga shi zama a ɗakin suka karce a bango, duk mutanen da ya san an riga an fille wa kai.

Wurin da nake so ki karanta sau uku shi ne zuwan 'yarsa. Sa'o'i kaɗan suka rage masa aka kawo masa ita, Marie, 'yar shekara 3. Ya rungume ta, ita kuwa ba ta gane shi ba, gemu ya rufe fuska, kayan jikinsa ba waɗanda ta sani ba ne. Ta kira shi da irin kiran da ake yi wa baƙon namiji. Ya tambaye ta babanta, ta ce ai ya mutu. Ya ce ta nuna masa yadda ta iya karatu, sai ta warware wata takarda da ke dunƙule a hannunta tana haɗa baƙi ɗaya-ɗaya, ashe takardar hukuncinsa ce da ake tallarta a titi, mai rainonta ta saya. Kin ga babu ihu ko ɗaya a wurin. Yarinya ce kawai tana koyon karatu, amma na sha karanta wa ɗalibai wannan shafi, kuma ban taɓa gamawa aji bai yi tsit ba. Mutumin ya gane an riga an binne shi a gida tun yana numfashi.

Sai Dostoevsky na Rasha, shi kuwa gani ya kori ji. A ranar 22 ga Disamba 1849, yana ɗan shekara 28, aka fito da shi da abokansa dandalin Semyonov a birnin Santa Fitasbag, bayan wata 8 a tsare saboda taron tattauna littattafai da siyasa. Aka karanta musu hukuncin harbi, aka sa musu fararen riguna, aka ɗaure ukun farko a jikin turaku, sojoji suka ɗaga bindigogi. Shi yana cikin rukuni na biyu. Sai ga saƙon Sarki Nikolas na ɗaya: an sassauta. Tun farko dama an shirya haka ne don a razana su. Shi aka tura shi Saberiya aikin wahala na shekara 4. Ɗaya daga cikin waɗanda aka ɗaure a turke, Grigoriev, hankalinsa bai dawo daidai ba har ya bar duniya.

Kusan shekara 20 bayan haka ya zuba abin a littafinsa The Idiot, ta bakin jarumin. Mutum ya ga minti 5 suka rage masa, sai ya ga kamar dukiya ce mai yawa, har ya kasa ta: biyu na sallama da abokai, biyu na tunanin kansa, ɗaya na kallon duniya. A minti na ƙarshen ya kafa wa rufin wani coci ido, rana na walƙiya a kansa, ya kasa ɗauke kai. Ya yi wa kansa alkawari in da za a mayar masa da rai, ba zai ƙara ɓata ko minti ɗaya ba. An mayar masa, kuma da aka tambaye shi daga baya ya ce bai cika alkawarin ba, ya ɓata mintoci da yawa. Wannan ƙarashen ne ya sa na yarda da marubucin, don haka ɗan Adam yake. A wani wurin kuma ya nuna yadda hankali ke maƙalewa a ƙananan abubuwa: wanda ake kaiwa wurin kisa yana lallashin kansa da cewa akwai sauran tituna uku, yana lura da wani ɗan ƙari a goshin ɗan kallo, yana lura maɓallin rigar hauni na ƙasa ya yi tsatsa. Ƙwaƙwalwa ta kasa ɗaukar babban abin, sai ta riƙe ƙarami gam.

Ke kanki kin san irin wannan tun kina yarinya, ba sai kin je Rasha ba. A Dare Dubu da Ɗaya, Shaharzad kullum da hukuncin kisa a kanta take kwana, kowace asuba tana iya zama ta ƙarshe. Mu muna bin daɗin labaranta muna mantawa da mahaifinta, waziri, wanda gari na wayewa ya nufi fada da likkafanin 'yarsa a hammata. Ki zauna ki yi tunanin daren wannan uba.

Hujjar Dostoevsky ita ce tabbas ya fi komai ciwo. Wanda 'yan fashi suka rutsa a daji yana sa rai har numfashin ƙarshe, yana iya gudu, yana iya roƙo. Wanda kotu ta yanke wa, an ƙwace masa wannan. Na yarda da shi a kan mutanen zamaninsa, masu jiran mako 6. Amma in jaruminki a Najeriya yake, ciwonsa daban ne, kuma nan ne littafinki zai iya faɗin abin da na Turawan nan ba su faɗa ba. A ƙasar nan fiye da mutum 3,000 ke zaune da hukuncin kisa a kansu. Ba a zartarwa sai gwamna ya sa hannu, gwamnoni kuwa galibi ba sa sawa, ba sa kuma sassautawa. Na ƙarshe da aka tabbatar an zartar shi ne na mutum 3 a jihar Edo, a Disamban 2016. Saboda haka mutum ba shi da ranar da zai ƙirga zuwa gare ta, kuma ba shi da ranar da zai ce ya tsira. Shekara 10, shekara 20, kowane ƙarar mukulli a lokacin da ba a saba ba yana iya zama nasa.

Abin da ya faru da Dostoevsky ya faru a nan. A Yunin 2013 aka rataye mutum 4 a gidan yarin Benin. An ja na biyar, ThankGod Ebhos, har wurin igiyar, sannan aka lura hukuncin da kotun musamman ta zamanin soja ta yanke masa a Kaduna na harbi ne, sai aka mayar da shi ɗaki. A 2014 aka sake shi, bayan shekara 19 yana jira. Ki tambayi kanki irin barcin da ya yi daga wannan dare zuwa ranar da ya fito. A Japan kuma, inda sai da safiyar ranar ake gaya wa mutum, an yanke wa Iwao Hakamada hukuncin kisa a 1968, aka sake shi a 2014, kotu ta wanke shi a Satumban 2024 yana ɗan shekara 88. Yayarsa Hideko, mai shekara 91, ita ta tsaya masa a kotu, saboda zaman jira ya riga ya taɓa masa hankali. Kotuna ma sun san da wannan. A 1993 kotun Privy Council da ke Landan, wadda ke sauraron ɗaukaka ƙara na ƙarshe daga wasu tsofaffin ƙasashen mulkin mallakar Ingila, a wata ƙara daga Jamaika, ta ce jiran da ya wuce shekara 5 azaba ce a kan kanta. Kotun ƙolin Yuganda a 2009 ta sa shekara 3. Dokarmu ta gidajen gyaran hali ta 2019 ta ba babban alƙalin jiha damar mayar da hukuncin kisa zuwa ɗaurin rai-da-rai idan an ƙare ɗaukaka ƙara kuma shekara 10 ta wuce ba a zartar ba.

Bari in ba ki abin da na gani da idona. Wani azumi na bi 'yan unguwarmu kai abincin buɗa-baki wani gidan yari, aka bari muka gaisa da wasu daga sashen masu jiran kisa. Wani mutum mai furfura a gemu, shekararsa 11 a ciki, ya matso ya tambaye ni nawa ake sayar da kwanon masara yanzu. Da na faɗa masa sai ya girgiza kai, ya ce ba haka ba ne, ya faɗi kuɗin shekarar da ya shigo. Muka ci gaba da hira, ya ce yana da 'ya mace, tana rarrafe. Haka ya faɗa, tana rarrafe. Ba wanda ya gyara masa. Can sai aka buɗe wata ƙofar ƙarfe a nesa, maganar ta tsaya a bakinsa, dabinon da ke hannunsa ya tsaya a tsakanin kwano da leɓe, sai da takun ya wuce sannan ya kai shi baki. Ya ci gaba daga daidai kalmar da ya tsaya, bai ma san ya yi shiru ba.

To, ki koma wa babi ukun nan. Ki bar kukan a shafi ɗaya. Ki ba shi kunne, ya san takun kowane gandiroba. Ki sa ya riƙa barcin rana yana gadin dare. Ki sa ya yi faɗa mai tsanani a kan sabulu, a ranar da lauya ya kawo mugun labari kuma ya ce to kawai. Ki sa ranar ziyara ta fi kowace rana yi masa nauyi, yana ɗokinta yana tsoronta, don mahaifiyarsa tana tsufa a gabansa wata bayan wata. Kada ki manta da sa rai, don shi ne ke tayar da mutum ya kuma kayar da shi: jita-jitar afuwar gwamna kafin 1 ga Oktoba, a karanto sunaye, babu nasa. Kuma ki bar masa sallarsa da tubansa, mutanenmu da yawa da su suke riƙe hankalinsu a wurin, amma ki nuna ranar da ya ɗaga hannu ya rasa abin da zai roƙa, rai ko saurin mutuwa.

Akwai kuma wanda tsoro ke fito masa a rigar taurin kai. Ken Saro-Wiwa yana da gajeren labari na 1989, Africa Kills Her Sun, wasiƙar ɗan fashi ce ga wata da ya sani tun ƙuruciya, a daren da za a wayi gari a harbe shi a gaban jama'a, yana magana kamar ko a jikinsa. Shekara 6 bayan haka, ranar 10 ga Nuwamba 1995, aka rataye marubucin kansa a Fatakwal tare da mutum 8. Ki neme shi ki karanta.

TAMBAYA: Malam, na yi shekara 31 ina aikin gandiroba, yanzu na yi ritaya. Sau ɗaya aka sa ni cikin masu rakiya. Mutumin na yi shekara 6 ina miƙa masa abinci, shi ya koya min ɗinkin hula. Da safen ya cire silifas ɗinsa ya ce in ba wani yaro a ɗakinsu da ba shi da takalmi. Da aka gama muka koma ofis muka sha shayi, wani ya faɗi abin dariya, muka yi ta dariya har da hawaye. Ba ni na ja komai ba. Amma wannan dariyar ce ke tashe ni da dare har yau, ban taɓa gaya wa ko uwargidana ba. Jikana ne ya ce in rubuto maka. Ko akwai wanda ya taɓa rubuta irin wannan, ko ni kaɗai ne?

AMSA: Baba, Allah ya ƙara lafiya, ya saka wa jikan nan da alheri. Ba kai kaɗai ba ne, kuma dariyar nan an rubuta ta tun kafin a haife ka. George Orwell, Baturen Ingila da ya yi aikin ɗan sanda a Bama zamanin mulkin mallaka, ya buga ɗan gajeren rubutu a 1931 mai suna A Hanging. Ana tafiya da fursuna zuwa wurin rataya, an riƙe shi ta kowane gefe, sai ya ɗan kauce don kada ya taka ruwan da ya kwanta a hanya. Mutumin da saura minti kaɗan ya mutu yana gudun jiƙa ƙafa. A nan mai ba da labarin ya farga cewa lafiyayyen mutum ne za a kashe, mai gani, mai ji, mai lissafi. Silifas ɗinka ke nan, Baba. Kuma ka san yadda rubutun ya ƙare? Ma'aikatan sun fito, wani ya ba da labarin ban dariya, kowa ya fashe da dariya fiye da kima, suka tafi shan abin sha tare, gawar tana nan kusa. Jiki ne da aka ɗaure tamau tun asuba, da aka sake shi sai ya nemi mafita. Wani amai yake yi, wani zawo, wani dariya. Ba daga mugunta ta fito ba. Mugu ba ya kwana shekaru yana jin ta a kunnensa.

Akwai fim ɗin wani ɗan Iran, Mohammad Rasoulof, There Is No Evil, wanda ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Balin a 2020. Kashi na farko magidanci ne kamar kowa: ya ɗauko matarsa daga aiki, ya ɗauko 'yarsa daga makaranta, su yi cefane, su duba tsohuwa. Cikin dare ya tashi ya kama hanyar aiki, titi ba kowa, fitilar hanya ta ba shi hannu amma ya zauna a mota bai motsa ba. Ya isa wani ɗan ɗaki, yana haɗa abin karyawa, wasu fitilu suka kama, ya danna maɓalli, sai ƙafafun mutane suna reto. Wannan tsayuwar a bakin fitila ita kaɗai ce inda abin da ke cikinsa ya leƙo.

Hukumomi sun daɗe da sanin nauyin nan, shi ya sa suke rarraba shi. A Japan ma'aikata 3 ne ke danna maɓalli a lokaci ɗaya, ba wanda ya san nasa ne ya buɗe ƙasa. A wasu wurare akan sa harsashin da ba ya kisa a ɗaya daga bindigogin masu harbi. Alƙali ya ce doka ce, gwamna ya ce kotu ce, mai igiya ya ce umarni ne, mai rakiya ya ce ni rakiya na yi. Duk da haka kowa da kasonsa yake komawa gida. Jerry Givens, wanda ya zartar wa mutum 62 hukunci a jihar Bajiniya ta Amurka daga 1982 zuwa 1999, shekara da shekaru iyalinsa ba su san aikin da yake yi ba, irin shirun da ka yi wa uwargida.

Shawarata, Baba, ka gaya mata. Matar da ta kwana kusa da kai duk shekarun nan ta san kana firgita da dare, dalilin ne kawai ba ta sani ba. In rashin barcin ya ci gaba, ka ga likitan ƙwaƙwalwa, wannan ciwo ne da suka san shi, suna kuma da hanyar sauƙaƙa shi, ba na mahaukata kaɗai ba ne asibitin. Ka riƙa sa mutumin a addu'a. In da hular da ya koya maka tana nan, ka zauna da jikan nan ka ba shi labarin tun daga ranar da ka fara miƙa masa kwano, shi kuma ya rubuta.

TAMBAYA: Malam, an kashe ƙanena a kan babur ɗinsa shekara 9 da suka wuce, ya bar mata da goyo. Kotu ta yanke wa wanda ya kashe shi hukuncin kisa, har yau yana nan yana ci yana sha. Mahaifiyarmu ta rasu tana jira. Na ji ana hira a rediyo kan littattafai da fina-finan masu jiran kisa, duk tausayin mai kisa ake ji. Mu fa? Wa ya rubuta daren da muka kwana muna kiran wayarsa tana ringin ba a ɗauka? Ko marubuta sun fi Allah tausayi ne, da ya ce a cikin ƙisasi akwai rayuwa?

AMSA: 'Yar'uwa, Allah ya jiƙan ƙanenki da mahaifiya, ya raya abin da ya bari, ya ba ku haƙuri. Na karanta wasiƙarki sau da yawa kafin in ɗauki alƙalami, kuma ba zan kare marubuta a inda ba su da gaskiya ba. Kina da hujja. Hugo da na yaba a sama ya ɓoye laifin mutuminsa, wanda aka kashe bai samu ko layi ɗaya na kansa ba. Labari yana bin wanda ke da murya, mamaci kuwa an riga an ƙwace tasa.

Misali mafi muni shi ne littafin Albert Camus na 1942, L'Étranger. Bafaranshe a Aljeriya ya harbe wani Balarabe a bakin teku, aka yanke masa hukuncin kisa. Shafukan jiransa suna cikin mafi kyau da aka rubuta: ba ya barci da dare saboda ya san da asuba ake zuwa, yana kasa kunne, in gari ya waye ba a zo ba ya ce ya ci ribar kwana ɗaya. Amma wanda ya kashe ko suna ba a ba shi ba, Balarabe kawai, tun daga farko har ƙarshe. Shekara 71 aka yi a haka, sai a 2013 wani ɗan Aljeriya, Kamel Daoud, ya rubuta amsa, Meursault, contre-enquête. Ya ba mamacin suna, Musa, ya ba shi ƙane, Haruna, ya ba shi uwa da ta ƙare rayuwarta tana neman gawar da ba a ba ta ba, tana jan ƙaramin ɗanta cikin wannan makoki har ya tsufa bai yi rayuwar kansa ba. Tambayarki ce ya mayar littafi, kuma a ganina sai an haɗa biyun ake samun labarin cikakke.

Abin da na ji a wasiƙarki shi ne ku ma jira kuke yi. Shekara 9 kuna kasa kunne, kowane zaman kotu ya tone kabarin, kowace jita-jitar afuwa ta hana ku barci. Tsarin da ke yanke hukunci ya jingine hukuncin, ba a zartar ba, ba a sauya ba, ba a kuma tambaye ku ba, gida biyu yake ci lokaci ɗaya. Mahaifiyarku a cikin wannan jiran ta rasu.

Ayar da kika kawo gaskiya ce, tana Suratul Baƙara, aya ta 179, kuma ban zo nan in yi jayayya da ita ba. Fatawa ta malamai ce, su ne za su bambance miki inda waliyyi ke da ikon yafewa da inda ba shi da shi, don a mazhabar Malikiyya kisan gilla yana da hukuncinsa daban. Ni abin da ya tsaya min a matsayin mai karatun labari shi ne inda Alƙur'ani ya ajiye dangin mamaci. A Suratul Isra'i, aya ta 33, an ba waliyyinsa iko, aka ce kada ya wuce iyaka. A aya ta 178 ta Baƙara an buɗe ƙofar rangwame da diyya. A can dangin mamaci suna tsakiyar magana, ana kallon bakinsu. A kotun da ta yi shari'ar ƙanenki kuwa ƙarar ta gwamnati ce, ku shaidu ne ko 'yan kallo a benci na baya.

A Afrilun 2014, a arewacin Iran, aka fito da wani saurayi za a rataye shi a gaban jama'a, shekara 7 bayan ya soki wani ɗan shekara 18 da wuƙa. An rufe masa ido, igiya na wuyansa, yana tsaye a kan kujera. Mahaifiyar mamacin ta matso, ta ɗaga hannu ta sharara masa mari, sannan ita da mijinta suka cire igiyar. Uwar wanda ya yi kisan ta zo ta rungume ta, su biyu suna kuka. Ban kawo wannan don in ce ki yafe ba, ba ni da wannan bakin, kuma da ta zaɓi ɗaya hanyar ma haƙƙinta ne a dokarsu. Na kawo shi ne saboda marin. Shekara 7 yana hannunta, ta samu inda ta sauke shi. Mahaifiyarku ba ta samu ba, ke ma ba ki samu ba.

Ga roƙona. Ki sake rubuto min, wannan karon ki bar wancan mutumin a waje. Ki ba ni ƙanenki: yadda ya tara kuɗin babur ɗin, abin da yake kawo wa mahaifiya in ya tashi aiki, waƙar da ya sa wa wayar da kuka yi ta kira, sunan da yake kiran ki da shi, abin da kuke gaya wa yaron yanzu in ya tambayi babansa. Ko a murya ne ki turo, ni zan rubuta. Shafin nan gaba ɗaya nasa ne a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. Ke kuma 'yata ta Zariya, ki jira ki karanta shi kafin ki rubuta babi na gaba.